Ayari da Masauki a Tarihin Hajjin Ƙasa daga Ƙasar Hausa da Borno

Gabatarwa

Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai a tsakiyar ƙarni na 20, mai niyyar aikin Hajji daga Kano ko Katsina ko Kukawa yakan yi wasiyya, ya biya basussukansa, ya nemi gafarar dangi, domin tafiyar takan ci shekaru, kuma ba kowa ke dawowa ba. Matsaloli biyu ne suka fi addabar matafiyan: yadda za su sami kariyar taron jama'a ba tare da cunkoson ya cuce su ba, da kuma inda za su kwana a kowane zango. Wannan maƙala za ta duba yadda magabata suka warware su, da asalin da mafitar take da shi a fiƙihu.

Tushen al'amarin a mazhabar Malikiyya

Malaman Malikiyya sun fassara sharaɗin iko, wato istiɗa'a, da yiwuwar isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, tare da amincin rai da dukiya. Ba su shardanta guzuri da abin hawa ba ga wanda yake iya tafiya da ƙafa kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil. Wannan hukunci ne ya buɗe wa talaka ƙofa. Wanzami da maɗinki da manomi da mai rubutun allo duk suna ganin farillar ta hau kansu, tunda kowannensu sana'arsa ce guzurinsa. Haka kuma mazhabar ta yarda mace ta tafi Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga, abin da ya sa aka riƙa ganin iyalai sukutum a kan hanya.

Sharaɗin amincin hanya kuwa ya daɗe yana damun malamai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa Tanbih al-Raƙid a kan ɓarnace-ɓarnacen da ke faɗa wa aikin Hajji, kuma shi da mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su sami zuwa ba. Shehu ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas, daga nan ya juyo saboda bai nemi iznin mahaifinsa ba.

Hanyar hamada da masaukan sarakuna

Tsohuwar hanya ita ce ta arewa, wadda ta bi ta Agadas ko Bilma zuwa Fezzan, ta faɗa Masar, inda baƙi ke shiga babban ayarin da ke tashi daga Alƙahira. A hamada ba a tafiya sai da ayari, domin madugu da jagaba ne suka san rijiyoyi, su ne kuma ke sasantawa da ƙabilun da ake ratsa ƙasarsu. Amma yawan jama'a yana da nasa sharrin. Rijiyar da za ta ishi raƙuma ɗari takan ƙafe kafin na ƙarshen dogon ayari su iso, abinci kuma ya yi tsada a duk garin da aka sauka. Saboda haka madugai sukan raba jama'a rukuni-rukuni, a bar tazara tsakani don rijiya ta sake tara ruwa, a kuma yi tafiyar dare a lokacin zafi.

A manyan birane, sarakuna ne suka ɗauki nauyin masauki ta hanyar waƙafi. Al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ da ke Masar, wadda aka gina da dukiyar mutanen Kanem bayan shekara ta 640 Hijira, ta zama masaukinsu da wurin karatunsu. Daga baya Barnawa sun sami ruwaƙinsu a Azhar. Marubutan Tambutu kuma sun ruwaito cewa Askiya Muhammad, wanda ya fita Hajji a 1496, ya sayi wuri a Madina ya mayar da shi waƙafi ga mutanen Takrur. Waɗannan sarakuna sun fahimci cewa baƙon da bai iya harshe ba, bai san farashi ba, shi ake fara zalunta a lokacin mausimi, kuma gida na dindindin da wani nasu ke kula da shi ya fi kyautar zinariya da ake rabawa rana ɗaya.

Hanyar gabas da tsarin zango

Hanyar da ta fi dacewa da mai tafiya a ƙasa ita ce ta gabas: daga Borno zuwa Bagarmi da Wadai, a shiga Darfur da Kordofan, a ƙetare Nilu, a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Ba ta buƙatar raƙumi, domin akwai garuruwa da gonaki a mafi yawanta. Burckhardt, wanda ya yi tafiya daga Shendi zuwa Sawakin a 1814, ya haɗu da Takari a ayarin da ya bi, ya kuma bayyana yadda suke neman abinci da ƙarfinsu da karatunsu. Hanyar ta cika sosai bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar.

A wannan hanya, dabarar kauce wa cunkoso ta dogara ne da yanayin shekara. Akan tashi bayan kaka, lokacin da hatsi ke da araha, laka ta bushe, tafkuna kuma ba su ƙafe ba. Akan tafi a ƙananan ƙungiyoyi na dangi ko almajiran malami guda, waɗanda ƙauye ɗaya zai iya ciyarwa ba tare da ƙosawa ba, sai a wuraren da ake tsoron 'yan fashi a jira wasu a haɗu a wuce tare. In damina ta faɗi sai a tsaya a nemi aron gona ko a yi ƙwadago, a tara guzurin zango na gaba. Da aka buɗe aikin noman auduga na Jazira a 1925, wannan tsayawa ta ƙara tsawo, domin a nan ake tara kuɗin jirgin ruwa. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Masauki kuma ya ginu ne a kan tsarin da fatake suka daɗe da sani. A gefen garuruwa irin su Abeche da Junaina da Fashir da Ubayyid akwai unguwannin mutanen yamma, kowace da shugabanta. Baƙo yakan nemi mutumin garinsu, shi kuma ya zama maigidansa: ya ba shi ɗaki ko rumfa, ya yi masa tafinta, ya nema masa aiki, ya tsaya masa a gaban hukuma, sannan ya faɗa masa gidan da zai sauka a gari na gaba. Malamai da almajirai sukan sauka a zaurukan malamai, da zawiyoyin Tijjaniyya da Ƙadiriyya, da makarantun allo na Sudan da ake kira khalwa, inda ciyar da baƙo al'ada ce tabbatacciya. Mafi yawan masu saukar da baƙin su ma alhazai ne da tafiya ta tsaya musu, suna rama alherin da aka yi musu.

Cunkoson bakin teku

Inda dabarun suka gaza shi ne bakin teku, domin Hajji yana da ƙayyadadden lokaci, dole kowa ya taru. Tun a 1183 Ibn Jubair ya koka da yadda masu jirage a Aizab ke cusa alhazai a kan juna saboda kwaɗayin kuɗi. Bayan annobar kwalara ta 1865 a Makka, hukumomi suka tsananta killace alhazai, a zamanin Turawa kuma aka ƙara da fasfo da allurar rigakafi da kuɗin ajiya a Sawakin. Waɗanda ba su da hali sukan zame su hau ƙananan jiragen iska daga gaɓar da babu masu tsaro, su sauka kudu da Jidda su ƙarasa da ƙafa. Sun tsere wa layi da haraji, amma sun jefa kansu cikin haɗarin nutsewa da ƙishirwa da masu sayar da mutane, wanda hakan ya saɓa wa sharaɗin amincin rai da fuƙaha'u suka gindaya. Masu hangen nesa sukan ƙetare watanni kafin mausimi, su zauna a unguwannin Takari na Makka kamar Jarwal da Misfala, suna ɗaukar kaya da ɗebo ruwa har lokaci ya yi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa hukuncin Malikiyya game da mai sana'a bai zama abin aiwatarwa ba sai da al'umma ta tanadi zanguna da masu saukar da baƙi daga tafkin Chadi har Hijaz. Zuriyar waɗannan masu masauki suna nan a Sudan, kuma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita garuruwa irin su Junaina da Fashir, ya mayar da jikokin masu saukar da baƙi masu neman mafaka. Haƙƙi ne a kan ɗaliban ilimi su tattara wasiƙu da labaran baka na tsofaffin da suka taka hanyar tun suna raye, a kan mawadata kuma su raya sunnar waƙafi ga matafiya da waɗanda aka raba da gidajensu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya karɓi ayyukansu.