Daga Alkaki Zuwa Kek: Tarihin Kayan Zaƙi a Gidajenmu

  Yau hirar tamu ta tarihi ce, amma tarihin da ke cikin madafinki. Za mu bi sawun kayan zaƙin da muke yi a gida, mu ga inda kowanne ya fito da yadda ya shigo hannunmu, sannan in ba ki wani kek mai sauƙi wanda za ki iya yi da dabino da gyaɗa, ko da ba ki da oban.

Dalilin ɗauko wannan magana shi ne koken da ake yawan ji a gidajen biki da suna. Uwa za ta aurar da 'ya, fulawa ta yi tsada, sukari ya yi tsada, ga gara tana jira. Wata har bashi take ci don kada dangin miji su raina 'yarta. A gefe guda kuma 'yan matan yanzu da yawa ba su iya alkaki ba, sai kek da cincin. To idan muka san asalin waɗannan abubuwa, za mu gane wanne ne dole, wanne ne ado, kuma wanne za mu iya musanyawa da abin da ke gonakinmu.

Kafin sukari ya wadata, zaƙin kakanninmu zuma ce, sai rake da takanɗa, sai dabino, da 'ya'yan itace irin su ɗinya da kanya da magarya. Da ɗinya ake yin maɗi. Zuma kuwa sai an ɗora amya a bishiya an jira, shi ya sa abin da aka yi da zuma ya zama na girmama baƙo da kai wa surukai. Nakiya ta fito daga wannan zamani. Shinkafa ce ake dakawa a soya garin, a haɗa da zuma da man shanu da kayan yaji irin su citta da kanumfari da masoro. Hikimarta ita ce tana yin watanni ba ta lalace ba. Amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba tana da abin ci da abin bai wa baƙi a ɗakinta.

Alkama kuwa sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, domin daga Larabci muka aro shi. Haka alkaki, da alkubus, da gurasa, da alewa, da shi kansa sukari, duk kalmomin Larabci ne da bakin Bahaushe ya gyara. Fatake ne suka riƙa ƙetare Sahara da raƙuma daga Tarabulus da Gadamas zuwa Katsina da Kano, wasu suka zauna suka yi aure, matan gidajensu suka koyi girkinsu, daga nan ya bazu. Lokacin da Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, sukari yana cikin hajar da ake kawowa daga Turai ta hamada. Ki duba fa, abin da ya yi wata da watanni a bayan raƙumi ai ba na talaka ba ne. Ita ma alkama ba ta son zafin damina, sai da sanyin hunturu ake nomanta a fadama da ban ruwa, don haka kaɗan ake samu. Wannan ne ya sa alkaki ya zama abincin fada da gidajen attajirai, kuma ya sami matsayin da yake da shi a cikin gara har yau.

Ƙasar Dutse ba ta nesa da wannan harka. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya kuma ce a zamaninsa aka buɗe hanyoyin fatauci daga Barno zuwa Gwanja. Abin da ya shigo kasuwar Kurmi, ba a daɗe yake isowa kasuwannin gabas. Mu kuma muna da namu abin da ba sai an kawo mana ba, wato dabino. Duk wadda ta san Dutse ta san itatuwan dabinon da ke tsakanin duwatsun garin, kuma saboda su ne cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, ta kafa reshenta na binciken dabino a nan Dutse.

Yanzu ga gyaɗa. Da yawa muna ɗauka tun fil azal tamu ce, alhali asalinta daga Kudancin Amurka ne. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, ta yi ta tafiya har ta iso ƙasar Hausa ta sami ƙasa mai rairayi da take so. Babban canji ya zo da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Daga 1912 manoman ƙasar Kano suka rungumi noman gyaɗa don sayarwa, har aka riƙa tara buhuna ana yin dalar gyaɗa, kuma attajirai irin su Alhaji Alhassan Dantata suka yi suna a cinikinta. Layin dogon da ya bi ta Ringim zuwa Nguru ya sa manoman wannan yanki cikin harkar. Jirgin da ya fita da gyaɗa shi ne ya dawo da sukari da fulawa da madarar gwangwani zuwa kantuna. Kuɗin gyaɗa ne ya fara sa sukari a kwanon talaka. Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun durƙusar da fitar da ita waje, amma ba su raba ta da hannun mata ba. Ƙuliƙuli da man gyaɗa da tunkuza da kantun gyaɗa duk suna nan.

A nan akwai abin da nake so ki riƙe. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, a 1969 ta wallafa rubutu kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa. Ta nuna cewa kaso mai yawa na saye da sayarwa a cikin gidaje ake yin sa, a hannun matan kulle, yara suna kai da kawowa. Kafin ita, Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954, kuma a ciki akwai bayanin sana'o'in mata da bukukuwa da kayan da ake kaiwa gidan miji. Ashe ke da kike soya ƙosai ko alkaki a tsakar gida, sana'ar da kike yi tsohuwa ce mai asali, har masana sun yi rubutu a kanta.

To shi kek fa? Na Turawa ne, kuma shi ma bai daɗe da zama mai sauƙi ba. A da sai an yi ta bugun ƙwai har hannu ya gaji kafin ya tashi. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, ya haɗa bakin hoda saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. Wannan hoda ita ta sauƙaƙa aikin. A wajenmu kek ya shigo ta hannun kukun Turawa, da makarantun 'yan mata inda ake koyar da girki da ɗinki, da masu gidajen burodi a Sabon Gari. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkama a Apapa ta Legas a 1962, aka fara yin sukari a Bacita a 1964, sannan a shekarun 1970 aka kafa injin fulawa a Bompai ta Kano. Kuɗin fetur ya sa fulawa ta yi araha, cincin da dubulan da kek suka cika farantan sallah. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, da cibiyoyin mata da suka biyo baya, sun ƙara yaɗa koyon kek. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu, matansu suka zo da waɗannan girke-girke, maƙwabta suka koya.

Sai dai akwai ƙulli a cikin wannan sauƙi. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita daga waje ake sayo ta. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama don a noma ta gida, burodi ya yi tsada, bayan 'yan shekaru aka janye hanin. A 2023 da darajar naira ta faɗi, kowace mace ta ji a jikinta wajen sayen mudun fulawa. A watan Nuwamba na wannan shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a yankin Hadeja, domin Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma ta. Kin ga duk lokacin da kuɗin waje ya motsa, tukunyarki tana motsawa. Wadda ta iya rage fulawa da sukari ta cike da dabino da gyaɗa, ita ce ba ta cika shiga wannan rikici ba.

Matan Amurka ma neman sauƙi ne ya kai su ga wani kek da suke kira dam kek, ma'ana kek ɗin juye. Tun shekarun 1930 aka fara sayar da garin kek haɗaɗɗe a kwali a can. Sai mata suka gano cewa ba sai an kwaɓa ba. A juye 'ya'yan itace na gwangwani a faranti, a barbaɗa garin a kai, a zuba bota, a watsa wani ɗan itace mai suna fikan, a gasa. Shi fikan asalinsa kudancin Amurka ta Arewa ne da Meziko, yana da maiƙo da garɗi, kuma a wajensu abin gida ne kamar yadda gyaɗa take a wajenmu. Don haka ba sai kin nemi fikan ba, dabarar kawai za ki ɗauka.

Ga yadda za ki yi. Ki cire ƙwallon dabino har ki sami cikin gwangwanin madara 2. Ki duba cikinsa saboda tsutsa, ki wanke, ki jiƙa da ruwan zafi gwangwani 1 da rabi har ya yi laushi, ki dama shi ya yi kaurin kunu. Ki shafa mai a kwanon silba, ki juye dabinon ki baje. A wani kwano ki haɗa fulawa gwangwani 2, sukari rabin gwangwani, bakin hoda ƙaramin cokali 1 da rabi, da ɗan gishiri. Idan akwai madarar gari ki sa cokali 2. Ki barbaɗa wannan gari a kan dabinon ya rufe ko'ina, kada ki juya. Ki narka bota ko soyayyen man shanu kamar kashi 2 cikin 3 na gwangwani, ki bi saman garin da shi a hankali, domin duk inda mai bai taɓa ba gari zai zauna ɗanye. Sai ki watsa soyayyar gyaɗa gwangwani 1 wadda kika murje ɓawonta kika ɗan farfasa.

Wajen gashi, ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya kamar kaurin yatsu 3, ki ɗora a wuta ya yi zafi, ki sa kwanon a kai, ki rufe, ki zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Wutar ƙasa kada ta yi yawa. Bayan minti 40 ki duba. Idan sama ya yi ja, gefe yana tafasa, ya yi. Ki bar shi ya huce, da cokali ake ɗibarsa. Lokacin mangwaro kina iya sa shi a madadin dabino. Amma ki sani wannan ba nakiya ba ce, yana da ruwa, don haka a cinye shi a ranar ko washegari.

Gargaɗi biyu. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci ki zubar, domin tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Na biyu, mai ciwon sukari ya yi hattara, dabino ma zaƙi ne.

'Yar uwa, abin da tarihin nan ya nuna shi ne kakanninmu sun karɓi alkama daga Larabawa, gyaɗa ta hannun Turawa, suka mai da su nasu gwargwadon ƙarfinsu. Gara kyauta ce ta al'ada, addini bai wajabta ta ba, don haka ki yi daidai aljihunki, kada ki jefa kanki a bashi. Idan kuma akwai tsohuwa a gidanku da ta iya alkaki, ki sa 'yarki ta zauna kusa da ita ta ga yadda ake ɓarza alkama, a bar ta ta yi tsami, a murza, a soya, a tsoma a zuma. Wannan ilimi a hannu yake, idan mai shi ta tafi ba a koya ba, ya tafi ke nan.

A nan za mu dakata. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.