Kwana Biyar Kafin Wuƙa

A watan Fabrairun 1933 wani manomi, Ed Carlson, ya isa Jami'ar Wiskonsin ta Amurka da mushen saniya da gwangwanin jini wanda ya ƙi daskarewa. Shanunsa na ta mutuwa da zubar jini bayan sun ci harawar da ta yi hunhuna, irin asarar da kowane makiyayi a Ketare zai ji a jikinsa. Daga harawar nan Karl Link da abokan aikinsa suka ware sinadarin a 1939. Ɗan'uwansa, wafarin, ya shiga kasuwa a 1948 a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka yarda a bai wa mutane.

Nan likitocin tiyata suka gaji matsala. Mai buɗe ciki yana buƙatar jini ya daskare, mai ciwon zuciya kuwa gudan jini na iya zama ajalinsa. Wafarin ba ya barin jiki da wuri, don haka aka saba tsayar da shi kwana biyar kafin aiki, a cike giɓin da allurar hefarin, wadda ƙarfinta ke gushewa cikin sa'o'i. Suka kira dabarar gada.

Hankali ya karɓe ta tun kafin hujja ta zo. A 2015 binciken BRIDGE, kan mutum 1,884 masu rikicewar bugun zuciya, ya nuna gadar ba ta rage shanyewar ɓarin jiki ba, amma mummunar zubar jini ta tashi daga kashi 1.3 zuwa 3.2 cikin ɗari. Masu murfin zuciya na ƙarfe ba sa cikin binciken, kuma har yau akan yi musu gadar.

Zancen bai tsaya a ƙetare ba. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin Zariya. Zuciyar da ta raunana takan tara gudan jini, shi ya sa wasu matan ke kan wafarin. Idan aikin gwaiwa ne mai ranar da aka sa, akwai damar ƙirga kwana biyar a auna jini. Idan hanji ya murɗe da tsakar dare a Ketare, babu ita: sai bitamin K da ruwan jini, in an samu, ko hanyar Katsina ko Shika. Sau da yawa abin da likita ya fara buƙata shi ne a nuna masa kwalin maganin, a faɗi ranar da aka sha na ƙarshe.