Daga Bodinga zuwa Shagari: yadda kwamfutoci suka koyi magana da juna

Ka miƙa wa mai POS a bakin titin Bodinga dubu ashirin, ka ce ya tura wa ƙanenka a Shagari. Kafin ya danna, sai ga sunan ƙanen naka a fuskar na'urar. Garuruwan biyu kan hanya ɗaya suke, wadda ta taso daga Sakkwato ta nufi Tambuwal, amma saƙon bai bi kwalta ba. Ya je kwamfutar kamfanin POS ɗin, ya ratsa ta NIBSS da ke Legas, ya taɓo bankin ƙanenka, ya dawo. Kowace kwamfuta da mai ita, kowace da yaren da aka rubuta manhajarta da shi. To yaya aka yi suka fahimci juna?

An daɗe ana wannan fama. A 1984 Andrew Birrell da Bruce Nelson na kamfanin Xerox suka bayyana dabarar RPC, wato manhaja ta sa wata kwamfuta ta nesa aiki kamar a cikinta aikin yake. A 1991 CORBA ta fito, daga baya SOAP. Abin ya yi yawa, har Microsoft kaɗai na da hanyoyi da dama, irin su DCOM da MSMQ da .NET Remoting, kowace sai an koye ta daban. Shi ya sa a 2006 ya fitar da WCF don ya haɗe su: ka rubuta aikinka sau ɗaya, sannan ka faɗi adireshinsa, da hanyar da saƙo zai bi, da yarjejeniyar abin da za a aiko da abin da za a mayar.

Tunanin mai kyau ne, sai dai saita shi akwai ciwon kai. Masu rubuta manhaja suka karkata ga REST, salo mai sauƙi da Roy Fielding ya bayyana a 2000. Da .NET 5 ta fito a 2020, Microsoft bai saka ɓangaren WCF mai karɓar saƙonni a ciki ba.

A Najeriya wata hanya aka bi. NIBSS, wanda aka kafa a 1993, mallakar Babban Banki ne da bankunan ƙasar. Ba a tilasta wa kowa kayan aiki iri ɗaya ba, fasalin saƙo aka daidaita: lambar asusu mai lambobi 10, tsarin tura kuɗi nan take na NIP a 2011, sai BVN a 2014. A ganina wannan ne ya buɗe wa irin su OPay da Moniepoint ƙofa, har na'urorinsu suka cika kasuwannin ƙauye.

Amma akwai abin da babu tsarin da ya magance. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar turawa, kwamfutar da ta aika ba ta san ko saƙon ne bai isa ba, ko amsar ce ta ɓace a hanya. In ta sake turawa, ana iya biya sau biyu. In ta ƙyale, kuɗi sun maƙale. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san zafin wannan: an cire, ba su shiga ba, mai shago kuma ya riƙe kayansa. Don haka NIP ke ba kowace turawa doguwar lamba tata ita kaɗai, wadda banki ke amfani da ita ya tambayi inda kuɗin suka kwana. Tana jikin rasit ɗin turawa, kuma ita ma'aikacin banki zai nema in ƙanenka ya bugo daga Shagari ya ce shi bai ga alat ba.