Yadda Wayar Hannu Ta Sirance

Wayar hannu da ƙiba ta fara. Motorola DynaTAC 8000X, wadda hukumomin Amurka suka amince da sayar da ita a 1983, shekara goma bayan injiniya Martin Cooper ya buga kiran gwaji na farko a kan titin birnin New York, nauyinta ya doshi giram 800, kuɗinta kuma dala 3,995. Sai ta sha caji na kimanin awa goma kafin a yi maganar minti talatin da ita. Babban kaso na wannan nauyi na batir ne, kuma tun daga lokacin batir ne ke yanke hukunci kan yadda jikin waya zai kasance.

Sauƙi ya samu a 1991, da kamfanin Sony na Japan ya fitar da batirin lithium kasuwa, wanda ke riƙe wuta mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. A 1996 Motorola StarTAC mai buɗewa da rufewa ta zo da nauyin giram 88 kacal, a 1999 kuma Nokia 3210 ta shigar da eriya cikin jiki, aka huta da tsinken nan da ke tokare aljihu. Gasar wancan zamani ta ƙanƙanta ce, ba a damu da kauri ba. Nokia 3310, wadda ta cika hannun jama'a bayan an ƙaddamar da GSM a Najeriya a 2001, kaurinta milimita 22 ne, kuma abin da ake yabonta da shi shi ne jure faɗuwa da daɗewar caji.

Motorola RAZR V3 ta 2004 ce ta mai da sirantaka abin talla. A rufe, kaurinta bai cika milimita 14 ba. Masu ƙirarta sun yi mata jiki da alminiyum, suka bar madannan roba masu tudu, suka zana lambobin a kan falle ɗaya na ƙarfe, eriya kuma suka saukar da ita can ƙasa inda baki ke magana. Sun faɗaɗa wayar domin kayan ciki su kwanta gefe da gefe maimakon wani kan wani, dabarar da har gobe ita ake bi. Cikin shekara huɗu an sayar da fiye da miliyan 130, sauran kamfanoni suka gane cewa mutane za su biya kuɗi don siffa kawai.

Zuwan waya mai shafawa ya sauya lissafin gaba ɗaya. Tunda fuskar waya ta zama wurin karatu da kallo da rubutu, kowa so yake ta ƙara girma, saboda haka tsawo da faɗi suka daina raguwa. Kauri kaɗai ya rage a yi gasa a kansa. iPhone ta farko ta kamfanin Apple a 2007 milimita 11.6 ce. iPhone 4 ta 2010 ta sauko 9.3, inda aka mai da zoben ƙarfen gefenta eriya, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa domin riƙon hannu kan rage mata sabis. iPhone 5 ta 2012 ta kai 7.6, bayan an haɗe shimfiɗar da ke jin taɓawar yatsa da allon hoto suka zama abu guda, aka kuma sauya tsohuwar kafar caji mai faɗi da ƙarama. Allon OLED, wanda Samsung ya fi kowa yaɗawa, ya ƙara taimakawa, domin kowane ɗigonsa da kansa yake haske, ba ya buƙatar fitila a bayansa. Katin layi ma ya yi ta ramewa, daga girman katin banki a farkon shekarun 1990 zuwa ɗan mitsitsin nano na 2012.

Duk milimitar da aka zaftare akwai abin da aka sadaukar. Murfin baya mai cirewa yana buƙatar maƙalai, batirin da ake cirewa kuma sai da nasa kwanson roba, don haka aka liƙe batir da gam aka rufe waya ruf. Samsung, wanda ya daɗe yana barin mai waya ya sauya batir da hannunsa, shi ma ya bi sahu da Galaxy S6 a 2015, har ya cire wurin sa mimori. Wannan asara ce ta haƙiƙa, domin batir ne ke fara tsufa a jikin waya, kuma abin da da can yaro ke iya sauyawa yanzu sai an je wurin mai gyara ya gasa bayan wayar kafin gam ya saki.

A 2014 gasar ta kai ƙololuwa. Kamfanonin China suka fitar da Oppo R5 mai milimita 4.85, wadda ba ta da ramin iyafis saboda babu wurin sa shi, da Vivo X5 Max mai 4.75. A shekarar ne kuma aka yi ta kuka da lanƙwashewar iPhone 6 Plus mai milimita 7.1 a cikin aljihu, har Apple ya koma ga alminiyum mai ƙarfi ya ɗan ƙara kauri a wayar da ta biyo baya. Darasi mafi zafi ya zo a 2016, da Galaxy Note 7 ta riƙa kamawa da wuta aka janye ta daga kasuwa. Binciken da Samsung ya bayyana a Janairun 2017 ya nuna cewa a rukunin farko kwanson batirin ya matse kayan cikinsa a kusurwa guda har suka lanƙwashe suka haɗu, a rukuni na biyu kuma kuskuren walda ne.

Daga nan wayoyi suka koma ƙara jiki, yawancinsu suka tsaya wajen milimita takwas zuwa tara. Kyamara na daga cikin dalilan, domin madubanta na buƙatar tazara tsakaninsu da abin da ke karɓar hoto, kuma babu dabarar da ta kawar da wannan. Shi ya sa ta yi ƙusumbi a baya, kamfanoni kuma suke auna kauri a inda ya fi siranta, su bar ƙusumbin a wajen lissafi.

Sirantaka ta dawo a 2025. Galaxy S25 Edge ta fito a watan Mayu da milimita 5.8 da giram 163, iPhone Air kuma a Satumba da milimita 5.6 da giram 165, dukansu da gefen ƙarfen titaniyum don gudun lanƙwashewa. Ta Samsung ta rasa kyamarar zuƙo nesa, batirinta kuma mAh 3,900 ne. Ta Apple kyamara ɗaya ce a bayanta, lasifika ɗaya, an tattara yawancin injinta a tudun da ke sama domin batir ya samu fili, kuma ba ta da wurin sa katin layi a ko'ina a duniya sai eSIM, wato layin da ke cikin jikin wayar ba tare da kati ba. Wasu kamfanonin China, irin su Honor, sun bi wata hanya ta zuba silikon a cikin batir don ya ƙara riƙe wuta ba tare da ya ƙara girma ba.

A kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano, abin da mai saye ke fara tambaya shi ne ko wayar na riƙe caji kuma ko layi biyu take ɗauka, tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, sabis kuma ya danganta da unguwa. Da wannan fahimta Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka. Ko da Tecno ta shiga gasar a 2025 da waya mai ƙasa da milimita 6, sai da ta tabbatar batirinta ya haura mAh 5,000.

Wayoyi masu naɗewa, irin su Oppo Find N5 da Galaxy Z Fold7, sun kai wajen milimita 4.2 a buɗe, inda kafar caji ta USB-C ta kusa cinye kaurin baki ɗaya. Tarayyar Turai ta wajabta wannan kafa ga sababbin wayoyi tun ƙarshen 2024, ta kuma kafa dokoki kan ƙarkon batir da sauƙin sauya shi, wanda ke nufin injiniyoyi za su ci gaba da neman sirantaka ne a cikin iyakokin da doka ta shata.