Waƙar Baka da Garuruwan Nubiya da Ruwa ya Ci

Idan gari ya ƙone ko yaƙi ya ci shi, yakan bar kufai, inda jikoki za su je su ga makwancin kakanninsu. Garin da madatsar ruwa ta haɗiye kuwa ba ya barin ko kango. Wannan maƙala za ta dubi yadda waƙa ta zama ma'adanar tarihin irin waɗannan garuruwa a ƙasar Nubiya, wadda ke bakin kogin Nilu tsakanin Masar da Sudan.

Tun madatsar Aswan ta farko, wadda aka gama a 1902, aka kuma ƙara mata tsawo a 1912 da 1933, ruwa yake cin gonakin mutanen Nubiya. Amma babbar madatsar da aka gina daga 1960 zuwa 1970 ita ce ta tashe su ɗungurungum. Kimanin mutum 100,000 aka kwashe. Na Masar aka kai su Kom Ombo, na Wadi Halfa kuma aka zuba su a jirgin ƙasa a 1964 zuwa Khashm el-Girba, nesa da Nilu.

Hukumar UNESCO ta jagoranci yayyanka gine-ginen Abu Simbel, aka sake haɗa su a kan tudu. Ƙauyukan talakawa kuwa, da dabinansu da maƙabartunsu, sai aka bar wa ruwa. Abin da mutane suka iya ɗauka shi ne harshensu da waƙoƙinsu na begen gida, waɗanda ake rerawa da tafi da wani abin kiɗa mai kama da bandiri.

Hamza El Din, wanda aka haifa a Toshka a 1929, ya zaga ƙauyukan yana tattara waƙoƙi tun kafin ruwa ya iso. Faifansa na 1971, Escalay, ya ɗauko sunansa daga keken ɗebo ruwa da shanu ke juyawa don ban-ruwa. Ke nan har sautin sana'ar da ta mutu ya adana.

Wannan ya isa ishara ga manazarta adabin baka a Nijeriya. Tafkin Kainji ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibiran Yawuri masu yawa a 1968. Waɗanda suka yi wasan dandali a can yanzu duk tsofaffi ne. Abin da ba a naɗa daga bakinsu ba, da su za a binne shi.