Whot: Wasan karta da darasin gyara kuskure

Whot wasan karta ne da wani Baturen Ingila, William Henry Storey, ya ƙirƙiro, aka yi masa rajista a 1935, daga bisani kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. Wasan ya samu gindin zama a Najeriya. A Kano, ana yin sa a majalisun matasan Fagge da Sabon Gari, unguwannin da ke wajen ganuwa, inda 'yan kasuwa da baƙi daga sassan ƙasar nan suka daɗe suna cuɗanya.

Tsarin wasan

Katunan 54 ne, masu siffofi biyar: da'ira da alwatika 12 kowanne, kuros da murabba'i 9 kowanne, tauraro 7, sai katunan Whot guda 5 masu lamba 20. Ana ajiye katin da ya dace da na ƙasa a siffa ko lamba. Wanda ba shi da shi sai ya tafi kasuwa, wato ya ɗauki ƙari. A ƙa'idar da aka fi bi a Najeriya, 2 na sa na gaba ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 8 ta tsallake shi, 14 kuma ta tura kowa kasuwa. Mai 20 shi ke zaɓar siffar da za a bi.

Kuskure daban, rashin sa'a daban

Abin da rabo ya ba mutum ba ya hannunsa, amma yadda ya sarrafa shi yana wuyansa. Kurakuran da aka fi yi su ne sakin 20 tun ba a shiga matsi ba, da mance sanar da katin ƙarshe, da rashin lura da siffar da ke tura abokin karawa kasuwa. Riƙe tauraro ma haɗari ne, domin in an zo lissafi ana ninka lambarsa. Wanda ya ɗora komai a kan sa'a ba zai gyara ba, wanda kuma ya zargi kansa a kan rabo zai karaya a banza.

Darasi daga ƙetare

A gasannin Magic: The Gathering, wasan da Richard Garfield ya fito da shi a Amurka a 1993, an tanadi damar gyara a cikin doka. Ana karawa har sai ɗaya ya ci wasa biyu, kuma tsakanin wasa da wasa ɗan gasa na iya sauya wasu katunansa daga cikin 15 da ya ajiye a gefe. Haka nan a zagayen farko-farko, faɗuwa ɗaya ba ta fitar da mutum. Saboda haka mai nazarin inda ya yi tuntuɓe cikin natsuwa ya fi mai huce haushi a wasa na gaba.

Iyakar wasa

Wannan natsuwa takan gushe da zarar kuɗi ya shiga. Wanda aka cinye yakan ƙara zubi don ya fanshe, daga nan sai bashi da husuma tsakanin abokai. Shari'ar Musulunci da Jihar Kano ta ƙaddamar a 2000 ta haramta caca, kuma Hukumar Hisbah na kama masu yin ta. Da-na-sani ƙeya ce. Kuskuren da ake koyo daga gare shi shi ne wanda bai cinye jarin mutum ba.