Baƙon da Ba Shi da Fatoma

A Orozo, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, inda baƙi suka yi ta sauka tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, da wuya a ba sabon zuwa hayar shago ko kaya bashi ba a tambaye shi wanda zai tsaya masa ba. Tambayar ta girmi Abuja nesa ba kusa ba. Fataken goro da na shanu ba sa ciniki a garin da ba su da fatoma. A gidansa suke kwana, a wurinsa suke ajiye kaya da kuɗi, shi ke haɗa su da dillali. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa maigida, wato fatoma, shi ne ke ɗaukar lamunin cinikin shanu: in mahauci ya ci bashi ya noƙe, maigida zai biya mai shanu daga aljihunsa. Ƙarfin tsarin shi ne kullum akwai mutum da dukiya a inda hannu zai kai, ko an je gaban alƙali ko ba a je ba.

Wannan ne abin da asusun zuba jari na ƙetare ya kuɓuce masa, kuma shari'ar P&ID ta isa hujja. A 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta ƙulla yarjejeniyar sarrafa iskar gas a Kalaba da wannan kamfani mai rajista a Tsibiran Virgin na Birtaniya. Ko harsashi bai haƙa ba, amma a 2017 masu sulhu a Landan suka yanke masa diyyar dala biliyan 6.6, wadda kuɗin ruwa ya kai da ita kusan biliyan 11. Sai wani asusun jari, VR Capital, ya sayi kashi 25 cikin ɗari na kamfanin, wato ya sayi rabo a bashin da ake bin Najeriya. A Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles ya soke diyyar bisa dalilin cin hanci da zamba, daga baya ya umarci P&ID ya fara biyan fam miliyan 20 na kuɗin shari'a. Reshe ya juye da mujiya, sai tambayar Orozo ta taso: kamfanin da ba shi da masana'anta ko rijiyar mai, me za a kama nasa? Dole Najeriya ta buɗe wani sabon fage, na neman a ɗora wa asusun da ke bayansa nauyin biya. Da an ci riba, kasonsa a rubuce yake. Da aka faɗi, sai an sake shari'a kafin a taɓa shi.

Za a ce ai dokoki na nan: ta 1922 da ta 1961 kan zartar da hukuncin kotunan waje, ga Yarjejeniyar New York ta 1958 kan hukuncin sulhu. Gaskiya ne, sai dai doka tana buɗe ƙofar kotu ne kawai, ba ta ajiye kadara a bayanta. Shi ya sa ta fi cizon mai dukiya a fili. A Agustan 2024 kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin ya sa kotun Faransa ta tsare jiragen fadar shugaban Najeriya uku kan rikicinsa da Jihar Ogun. Jirgi yana da wurin sauka, shi kuwa asusu kuɗinsa na iya kwana a Landan ya wayi gari a wani tsibiri.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce in aka tsananta neman jingina, masu jari za su gudu, ƙasar kuwa tana buƙatarsu. Tarihin fatauci bai goyi bayan wannan tsoro ba. Lamunin fatoma ne ya sa mai shanu daga Kano ya iya ba mahaucin da bai taɓa gani ba bashi, har cinikin ya bunƙasa. Wanda sharaɗin lamunin banki a Abuja zai kora tun ranar sa hannu, irin P&ID ne.